Kwanon Da Aka Ware Mini

A kan tafireta na fara gane cewa wani abu ya same ni. Azumin shekarar 1992 bai yi nisa ba, ina buga takarda a ofishinmu a nan Lafiya, sai na ga yatsuna suna rawa su kaɗai, in nufi wannan harafi su faɗa kan wancan. Ƙarar injin da na saba da ita ta koma kamar ana buga mini guduma a tsakiyar ka. Na ce wa kaina yunwa ce kawai. Shekarata ashirin da biyu a lokacin, na gama sakandare, ina da aikina, an kuma kusa sa ranar aurena da wanda nake so. Edita, har yanzu da nake rubuta maka wannan, in na tuna ranar sai gabana ya faɗi.

Asalin abin, shekara guda kafin nan motar da ta ɗauko mu ta kife a wajen Shabu, ƙawata ta rasu tana jingine da kafaɗata. Barci ya ƙaurace mini. Likita ya rubuta mini wata 'yar ƙwaya, ya ce in sha na ɗan lokaci in dawo ya gan ni. Ban koma ba. Da ta ƙare sai in kai tsohon katin wurin wani mai kemis ya ba ni, tun ina shan ɗaya har na kai biyu, kuma babu wanda ya sani a gida. Da watan azumi ya kama, sai na ji a wa'azi ana cewa lokacin barin duk wata mummunar ɗabi'a ya zo. Na ɗauki abin da ya rage na zuba a masai, ina jin daɗi wai na tuba.

Ranar da yatsuna suka yi rawa, na daure har gida. Ana kiran magariba na ɗauki kofin kunu, daga nan ban san kome ba. Da na farfaɗo na tarar da kaina a ƙasa, harshena ya fashe, mata sun yi cirko-cirko nesa da ni, babu mai matsowa. Na ji wata maƙwabciyarmu tana cewa a janye yara, kada yawun ya taɓa su. Ba sai an gaya mini ba, na san sunan da suka ba abin: farfaɗiya. Washegari Inna, mahaifiyata, tana hawaye ta ware mini kwano da kofi, ta ɗaura wa kwanon jan tsumma a hannun murfi don kada a haɗa. Ƙannena da muke ci tare suka koma gefe. Dangin saurayina suka aiko cewa a dakata da maganar sa rana tukuna. Ni kuwa jikina na kakkarwa, gumi kamar an jiƙa ni, ko kaza ta yi kuka sai in zabura, na gama yarda cewa tawa ta ƙare.

A haka Gwaggo ta iso. Yayar babana ce, tsohuwa mai dafa gishiri a Awe, kuma lokacin rani ne, lokacin da ko biki ba ya raba ta da murhunta. Da aka sha ruwa aka ajiye mini nawa can gefe, sai ta ja tabarma ta zauna kusa da ni, ta warware jan tsumman ta share hannu da shi, ta sa hannu cikin tuwona. Inna ta yi salati. Gwaggo ta ce wai ita haƙoranta sun zube, mijinta ya mutu, me ya rage da cuta za ta ɗauka a jikinta. Ta kuma ce mini, 'yar boko, in ci da sauri, don ita ba ta da kunyar kwano. Ranar na fara dariya ina kuka.

Ba ta tsare ni da tambaya ba. Wata rana da hantsi muna ɓarar agushi, sai ta ce ita ta san zuri'armu tun daga kakanni, ba ta taɓa ganin wanda ya faɗi ba, to me na ci wanda sauran ba su ci ba? Na gaya mata komai. Ba ta zage ni ba, mayafinta kawai ta ɗauka muka nufi asibiti. Likitan ya saurare ni, ya ce mai yiwuwa jikina ne ya saba da maganin, yanke shi lokaci ɗaya da na yi shi ya kayar da ni, kuma ana iya rasa rai a haka. Ya ce dole in koma sha, sannan a riƙa ragewa kaɗan-kaɗan, ina zuwa yana duba ni. Ya ce sai na rabu da maganin gaba ɗaya, an ga ban sake faɗuwa ba, kafin ya iya rantsewa ba farfaɗiya ba ce.

Baba ya ce atafau, abin da ya kusa kashe ni ba za a sake sa mini a baki ba, rubutun malam ya isa. Gwaggo ta kira shi da sunan da take kiransa tun yana goye a bayanta, ta tambaye shi ko ya manta tukunyar da ya fasa mata yana yaro, ranar da ya sauke ta daga wuta ya kwara mata ruwan sanyi. Ta ce tukunyar da ta daɗe a kan wuta, itace ɗaya-ɗaya ake zare mata har ta huce. Ta ce rubutu zan sha, ƙwaya ma zan sha. Baba ya ce to, Yaya.

Ita ta riƙe maganin, ƙulle a haɓar zanenta. Yadda likita ya ce, haka za ta ɗora ƙwayar a faranti ta yanka da reza, tana ƙanƙance ido kamar mai rabon gado. Ta hana ni shayi da yamma, ta sa ni daka da tafiya kasuwa da ƙafa don jiki ya gaji. Don kada in ce ni kaɗai ake wa horo, ta ce ita ma za ta riƙa rage goronta tare da ni. Ba zan yi ƙarya in ce da sauƙi ba. Duk lokacin da aka rage, sai in yi kwanaki ƙafafuna kamar ana zuba musu tururuwa, ƙasa na lilo da ni. Akwai ranar da ta shiga wanka na hau laluben kayanta, ta fito ta kama ni. Na jira faɗa, sai ta ce ashe mun yi sauri ne, gobe mu koma wurin likita. Shi kuwa ya sassauta ragin. Rani ya wuce, damina ta sauka, gishirin wannan shekarar ya wuce ta, ko sau ɗaya ba ta ambata ba. Kullum kuma hannunta na cikin kwanona.

'Yan'uwana mata, abin da ya sa na rubuto ke nan. In likita ya ce ki dawo, ki koma, kada kati ɗaya ya zame miki lasisin zuwa kemis. In kuwa kin riga kin saba, don Allah kada ki yi irin tubana na masai, ki nemi likita, ki kuma nemi mutum ɗaya da za ki gaya wa gaskiya. Kuma ko da farfaɗiyar ce da gaske, likita ya ce ba a ɗaukarta a kwano ko a yawu. Maganar aurena ba ta sake tasowa ba, har gobe kuma in na ga an ajiye kwano shi kaɗai sai zuciyata ta buga.

Bayan na yi watanni ban sa ko ɓarɓashin ƙwayar a baki ba, muka koma asibiti wata safiyar Litinin, wannan karon har da Inna. Likita ya sa na miƙa hannuwana, suka tsaya cak. Ya ce na fita, ba ni da farfaɗiya, in je in yi rayuwata. Na durƙusa a wurin ina kuka. Gwaggo ta kwance haɓar zanenta inda maganin yake zama, sai ga goro ƙwaya guda, ja jawur. Na ce Gwaggo, ina alkawarin? Ta ɓantara ta jefa a baki, ta ce ita ai ba ta da gwaggon da za ta riƙe mata. Da muka isa gida Inna ba ta ko cire mayafi ba, ta ɗauki kwanon nan ta jefa shi cikin sauran kwanukan wanke-wanke, ta ƙwala wa ƙannena kira su zo mu ci abinci.