Jirgin da Maigidana Ya Yi Digiri a Kansa

Shekara huɗu muka yi a ƙasar waje, a unguwar Pantai Dalam, a hawa na tara na wani bene, maigidana yana digiri na uku a kan wani babban kamfanin jiragen sama na Kudancin Amurka. Bai taɓa taka nahiyar ba, ko inuwar jirginsu bai taɓa gani ba. Malaminsa ne ya zaɓar masa, shi kuwa ya karɓa hannu bibbiyu.

Ni ban yi rajista a jami'a ba, amma na sha karatu. Ina tsaka da tuƙa tuwo sai ya tsaya a ƙofar kicin ya ce, "Maman yara, kin san da dakon wasiƙu suka fara? Ɗan ƙaramin jirgi yana ratsa duwatsu masu ƙanƙara." Na san zamanin da kamfanin yake hannun gwamnati, da lokacin da 'yan kasuwa suka saye shi, da yadda ya haɗe da wani na maƙwabciyar ƙasa. Har kifi da furannin da suke dako a ƙarƙashin ƙafafun fasinja na sani. Ranar da ya ji korona ta durƙusar da su ko abinci bai ci ba, sai ka ce rasuwa aka yi mana a Kano.

A shagon abinci na ƙasan gidanmu, irin wanda ake kira mamak, inda ɗalibai 'yan uwanmu suke shan shayi, tun kafin ya kammala ake ce masa Dakta. Mai son sanin kilo nawa zai ɗauka zuwa Abuja ya zo neman shawara, sai ya tashi da tarihin duwatsu.

Ana nan aka gayyace shi taro can Kudancin Amurka, ya gabatar da takarda. Jirgi uku zai hau, na ƙarshen na kamfanin nan. Ya ɗinka sabuwar shadda, ya sayi littafi ya jera tambayoyin da zai yi wa ma'aikatan jirgin.

Ranar da ya dawo falonmu ya cika da abokansa. Wani ya ce, "Dakta, yaya jirgin naka?" Ya gyara zama ya yi awa guda yana bayani: kujeru, tsari, ladabin ma'aikata. Ana ta jinjina kai.

Bayan sun watse ina kwashe kaya daga akwati na ga littafin, tambayoyi reras, babu amsa ko ɗaya.

Na ce, "Abban yara, ina amsoshin?"

Ya sosa ƙeya. "Kin san sai da na kusa kwana biyu a hanya. Ina ɗaura bel barci ya sace ni. Ban farka ba sai da taya ta taɓa ƙasa."

"Ko abinci ba ka ci ba?"

"An ce an raba."

"To a dawowa fa?"

Ya ce, "Tikitin nasu ne, amma jirgin na wani kamfani ne da suke haɗin gwiwa. Babi guda na rubuta a kan wannan tsarin, ban taɓa zaton a kaina zai faɗa ba."

Na yi dariya har da hawaye. Ya ce in rufa masa asiri, na ce ai miji tufa ne.

Ya kare digirinsa lafiya. Ɗaya daga cikin masu jarrabawar har yaba masa ya yi, wai da ji ka san ya san jirgin nan ciki da bai. Maigidana ya sunkuyar da kai ya yi godiya.