Ƙafar Inna da Giginyar Kambodiya

Al Muraqqabat

Ana kiran assalatu muka sauko da akwatuna. Bulus, maƙwabcinmu ɗan Kagoro mai gyaran na'urar sanyaya ɗaki, shi ya kai mu filin jirgi. Inna, mahaifiyata, ta shiga mota tana mita. Tun da aka yi mata aikin gwiwa a nan Dubai ta ƙi taka ƙafar, daga gado sai keken guragu. Likita kuwa ya ce in ba ta taka ba ƙafar za ta sandare. Ƙawar da za mu je hutu tare ta fasa, sai na ce Inna ta raka ni.

"Yalla, mu je, Mama, ki dawo mana da ƙafarki," in ji Bulus.

"Kai dai tuƙa, ɗan nan."

Siem Reap

Mun ya da zango a Bangkok, muka sauka Kambodiya da dare. Masaukinmu na kusa da masallacin 'yan ƙabilar Cham. Wata dattijuwa ta kawo mana kifi da aka turara da madarar kwakwa cikin ganyen ayaba. Inna ta shinshina, ta ɗanɗana, ta cinye nata, ta jawo nawa.

Angkor

Washegari mai a-daidaita-sahu, Sok, ya kai mu kufan tsohon birni. Duwatsu jibga-jibga, saiwoyin itatuwa sun rungume katangu, birai na fizge ayaba daga hannun Turawa. Inna ta yi ta salati, amma daga kan keken guragunta. Na roƙe ta taku biyu kawai, ta kau da kai. Na koma bayan wata katanga na share hawaye.

Hanyar ƙauye

A komowa Sok ya bi ta gonakin shinkafa. Can Inna ta dafa kafaɗata.

"Ke, wancan ba giginya ba ce?"

Ita ce, jere har iya ganinka, kamar a fadamar garinsu can Yawuri. A gindin wata, bayan kunyar gona, wata mata na dafa ruwan giginya a babban kasko. Sok ya tsaya, amma keken guragu ba ya bin kunya. Ina neman yadda zan yi wa Sok bayani, sai na ji motsi. Inna ta sauka. Tana tafe tana ɗingishi, zani a tattare, tana faɗin, "Ki bar ni, kar ki riƙe ni!"

Ba mai jin yaren wata, amma suka zauna suna dariya, matar na ba ta mazarƙwailar giginya da zafinta. Sok ya yi ta tafi.

Gida

Mun dawo Dubai da safe, Bulus na jiranmu. Ya hango Inna tafe, ni ina tura keken da akwatuna a kai. Ya cire hula ya ce, "Yabo ga Ubangiji!"

Alhamdu lillahi da ya kai mu ya dawo da mu. Yanzu kullum da yamma Inna na shagunan Al Rigga, tana taya kayan da ba za ta saya ba.