Tatsuniyar Kuturwa a Shekarar da Ishaya Ya Rasu

Gidanmu a cikin gonaki yake, tsakanin Yankara da Faskari, irin manyan gidajen nan na dangi guda da ake ginawa nesa da gari. Kakanninmu Maguzawa ne. Lokacin da na yi wayo gidan ya riga ya rabu biyu, ko da yake ba a ja katanga ba. Sashenmu muna zuwa sujada ranar Lahadi a wani ɗakin jinka da ke bayan rumbuna, sashen Baba Nomau kuwa, ƙanen marigayi kakana kuma mai gidan gaba ɗaya, suna nan kan abin da suka gada. Rijiya ɗaya muke sha, gayya ɗaya muke yi, amma in an yi yanka a gindin tsamiyar tsafi ba a aiko mana da naman.

Shekarun ne da aka ce kuɗin mai sun shigo ƙasa. Mu dai abin da muka gani shi ne samari suna ajiye fartanya suna hawa mota. Babana ma ya tafi Kaduna aikin leburan gini. Zuwansa na farko ya kawo keke da rediyo, ya sa wa ɗakin Inna rufin kwano. Daga nan zuwan ya riƙa nisa. Aka bar mu da Inna, da ƙanena Ishaya, da uwar babana, Kaka Tabawa.

Da sanyi ya shigo, an gama tsinkar auduga, ɗakin Kaka muke taruwa da an ci tuwon dare. Takan hura wuta da karan dawa a tsakar ɗaki, ta miƙe ƙafarta ta hagu wadda ba ta lanƙwasuwa, ta ɗauko mazari tana kaɗi. Mu kuma a ba mu gyaɗa mu ɓare. Har yaran sashen Baba Nomau sukan zo, domin duk gidan babu wanda ya kai ta iya tatsuniya. Ba ta buɗewa yadda kowa ke yi. Sai ta ce, “Ga wata baƙuwa ta sauka, a ba ta wuri?” Mu amsa baki ɗaya mu ce an ba ta.

Ƙafar nan tana da tarihi. Kafin ta karɓi bishara Kaka babbar 'yar bori ce, har daga Sabuwa ake zuwa ɗaukarta. Ta ce in aka kaɗa garaya Doguwa ta hau kanta, ba ta sanin inda take. Wata rana iskar ta ɗaga ta ta doka a kan turmi, gwiwar ta fashe, da ta farka kuwa iskar ta yi tafiyarta, ta bar ta da ciwon ita kaɗai. Ba ta cika son zancen ba. Sau ɗaya na ji ta ce wa wata mata, da irin maganarta ta mutanen da, “Waɗancan hawa suke yi su sauka. Wanga da na bi yanzu ba shi hawa, ciki shike zama.”

Ta san tatsuniyoyin gizo da na kura duka, amma akwai guda wadda ban taɓa ji a bakin kowa ba sai ita, ina zaton ma ita ta ƙaga abinta. Ishaya ya fi kowa sonta. Yakan kwanta ya ɗora kai a cinyarta mai lafiya ya ce a yi ta kuturwa.

Wai an yi wata yarinya da kuturta ta kama, mutanen gari suka kai ta bayan ganuwa suka yi mata bukka. In an tuna da ita a ajiye mata ƙanzo a kan dutse, a ruga. Har sunanta aka daina kira. Rannan ɗan sarkin garin ya dawo daga kiwon dawakin ubansa, ya ji kuka a cikin bukka, ya sauka ya shiga. Ta ce ya fita kada ya ɗauka. Ya ce abin da ya kawo shi ke nan. Ya zaro aska ya tsaga tafin hannunsa, ya tsaga nata, ya haɗa su ya riƙe har jininsu ya gauraya. Ya ce mata daga yau abin da ke jikinta nasa ne, abin da ke nasa kuma nata ne.

Kafin wata ya mutu yatsunta suka fara dawowa, nasa suka fara zubewa. Fadawa suka gan shi suka ce wannan ba ɗan sarki ba ne, suka jefe shi da duwatsu, suka fitar da shi, ya zo ya mutu a bakin bukkar nan. Yarinya ta yi kuka har ta gaji. Yunwa ta kore ta zuwa ƙofar gari, masu tsaro suka tare ta da sanduna suka ce wace ce. Da ta buɗe baki za ta ba da amsa, sai aka ji muryar ɗan sarki. Sanduna suka faɗi. Aka kai ta gaban sarki, ya dube ta ya ce wannan ɗansa ne, a buɗe mata ko'ina.

A nan kullum Ishaya ke ɗaga kai ya tambaya ina ɗan sarkin ya tafi, tun da an ce ya mutu. Kullum kuma Kaka ta ce ya tashi, kabari bai riƙe shi ba, amma bai koma nesa ba. Ta sa yatsa a ƙirjin Ishaya ta ce nan ya shiga. In ta yi tafiya shi ke tafiya, in an mare ta shi aka mara. Ba ta taɓa ce mana ɗan sarkin nan Yesu ne ba, saboda yaran Baba Nomau da ke zaune, amma duk mun sani, su ma sun sani.

Ni a lokacin abin da na fahimta shi ne wanda Almasihu ke cikinsa ba abin da zai same shi. Haka nake bugun ƙirji a bakin rijiya. Ina ce wa 'yan'uwana ni ko maciji ya gan ni sai ya kauce.

Da bazara ta yi, ƙyanda ta shigo gidajen gona. Ta fara da sashen Baba Nomau, yara biyu suka kwanta, aka yi yanka, suka tashi. Sannan ta kama Ishaya. Jikinsa ya yi zafi kamar tukunya, idanunsa suka rufe da kwantsa, ƙurajen suka ƙi fitowa sosai. Mai bishararmu ya ɗauke shi a keken babana zuwa Yankara, aka yi masa allura, aka dawo. Tari ya ƙaru. Aka aika wa babana saƙo ta bakin wani direba, ba mu ji amsa ba.

Da yamma Baba Nomau ya shigo sashenmu, abin da ya daɗe bai yi ba, yana jan baƙar akuya. Ba da faɗa ya zo ba. Ya tsuguna a ƙofar ɗakin Kaka ya ce an duba, an ga Doguwa ce ta zo karɓar abinta, tun da godiyarta, wato Kaka da take hawa a da, ta gudu. Ya ce ba ya neman Kaka ta bar addininta, ta dai ɗora hannu a kan akuyar, shi zai yi sauran. Ya ce yaron nan jikan wansa ne, jininsa ne shi ma. Inna, wadda tun tana budurwa take bin Almasihu, ta fito ta durƙusa a gaban Kaka tana kuka. Ta ce, “Kaka, hannu kawai. Allah ya san zuciyarki.”

Kaka ta daɗe tana duban hannunta. Ina tsaye a bakin rumbu ina roƙo a raina ta miƙa shi. Ta ce, “In na ɗora hannun nan, ba nawa kaɗai na ɗora ba. Ba ni iya kai shi can, Nomau.” Baba Nomau ya tashi ya ja akuyarsa ya fita.

Kaka ta shiga ta ɗauki Ishaya ta rungume, ta yi ta addu'a har muryarta ta dushe. Washegari da hantsi ya cika a hannunta.

Babana ya iso bayan an yi kwanaki da binnewa. Ya je ya tsaya a kan kabarin, ya dawo, ya zauna a zaure yana murɗa rediyo ba ya sauraro. Inna ba ta zagi Kaka ba, ba ta kuma ƙara yi mata magana ba. Takan ajiye mata tuwo a bakin ƙofa ta juya. Da babana zai koma Inna ta ce ƙafarta ƙafarsa, ba ta ƙara kwana a gidan nan. Suka tafi, aka bar ni in riƙa ɗebo wa tsohuwa ruwa, wai kafin su sami ɗaki babba. Ba su taɓa aikowa a ɗauke ni ba. Yaran Baba Nomau kuma aka hana su zuwa ɗakinmu.

Da sanyi ya zagayo muka zauna mu biyu, ni da Kaka, a gaban wuta. Ta riga ta daina kaɗi. Na daɗe ina riƙe da abin a cikina, rannan na ce ta yi mani ta kuturwa, da gangan, don in ji abin da za ta ce. Ta fara. Ta kai inda yarinya ta tsaya a ƙofar gari, sai na katse ta. Na ce in da gaske yana cikin Ishaya, me ya sa ya bari ya mutu? Na ce yaran da aka yi wa yanka suna can suna wasa. Na ce ƙarya ce duka. Ban taɓa yi wa babba magana haka ba, na zaci za ta mare ni.

Ta tura kara cikin wuta. Ta ce ita ba ta taɓa cewa yarinyar ba ta ƙara jin yunwa ba, ko ba a ƙara jifanta ba, ni ce na ji haka. Ta ce ba ta san dalilin da ya sa aka ɗauki yaro aka bar gurguwar tsohuwa ba, kuma kullum sai ta tambayi kanta ko da ta miƙa hannun nan da yana raye. Sannan ta ce, “Rahila, tun ranar da aka rufe yaron nan ban ji shi ba. Ina kira, shiru. Da can in iska ta zo, kowa na gani. Wanga kau ko ni ban gani. Ya dai ce ba shi fita, shi ke nan abin da ke gare ni.”

Ba ta ƙarasa tatsuniyar ba, ba ta kuma sake yin wata ba har ta rasu bayan damina biyu. Matar Baba Nomau ce ta taya ni yi mata wanka.

Yanzu na girmi Kaka a shekarun da ta mutu. Na yi aure a wani gidan gona wajen Kankara, na haifi 'ya'ya, na binne wasu. Gidan da aka haife ni da gidan aurena babu kowa a cikinsu yau, masu zuwa majami'a da masu zuwa gindin tsamiya da maƙwabtanmu Musulmi duk hanya ɗaya muka bi da kaya a ka, lokacin da masu bindiga suka shigo. Sun tafi da autana Haruna daga gona. Waɗanda aka kama tare da shi wasu sun dawo, sun ce an raba su a daji, ba su san inda aka yi da shi ba. Ina zaune a ɗakin haya a Funtuwa, a gidan ɗiyata.

Mutanen majami'a suna da kirki. Suna zuwa su ce in yi ƙarfin hali, wai wanda ke cikina ya fi ƙarfin duk abin da ke waje. Ina gode masu. Ba na gaya masu cewa ban ji komai a ciki ba sai nauyi, kamar na haɗiyi dutse. In na durƙusa zan yi addu'a, sunan Haruna kawai ke fitowa, daga nan bakina ya tsaya.

Na daɗe ina jin haushin Kaka, daga baya na koma jin tausayinta, yanzu kuma tsoro nake ji, don na gane abin da take nufi bai da sauƙi ko kaɗan. Ba garkuwa aka yi mana alkawari ba. Wanda ya haɗa jininsa da naka bai ce zai hana dutse zuwa ba, cewa ya yi in ya sauka a kanka, a kansa ya sauka. Akwai ranakun da wannan bai ishe ni ba. Ina so a dawo mani da ɗana, ba a taya ni rasa shi ba.

Duk da haka ranar Lahadi nakan ɗaura kallabi in tafi. Ina zama a bencin baya, kusa da ƙofa, inda zan iya ganin hanya. In an tashi waƙa ina tashi, amma ba na buɗe baki. Wata yarinya mai tarbar baƙi ta taɓa tambayata ko in matsa gaba, kada in zauna ni kaɗai. Na ce mata ta bar ni a nan. Ban san inda Haruna yake ba, ko yana numfashi, ko ƙasa ta rufe shi. Amma an yi masa baftisma a rafin garinmu yana saurayi, da idona na gani. In gaskiya tsohuwar nan ta faɗa, to wanda aka ɗaure tare da shi a dajin can, shi ne ke zaune tare da ni a bencin nan, bai ce mani komai ba, muna duban hanya.