Marurun da Bastawurus Ya Ƙi Tsagawa

A garin Akmim na wancan zamani, Usta Bastawurus wanzami shi ke cire haƙori, shi ke ƙaho, shi ke tsaga maruru. Shekara talatin da ɗaya ya yi a rumfarsa ta bayan coci, ba a taɓa jin ya mayar da mai ciwo gida ba.

Wata Laraba cikin babban azumin Kiristoci, Tadurus masaƙi, abokinsa tun makarantar mishan, ya shigo yana ɗingishi. Mako uku ke nan ya kasa zama kan katakon saƙarsa. Ya yaye riga, ya kwanta rub da ciki a benci. Kumburi ne a ɗuwawun dama, ya kai lemo.

"Tsaga min, Usta. Mayafan bikin Ista na jirana."

Bastawurus ya gasa aska, ya ɗora babban yatsa yana neman inda ya nuna. Abin ya motsa. Ya ƙara dannawa, ya ji yana harbawa daidai da bugun zuciya. Ya shafa ƙafar, sanyi ƙalau, yatsu biyu sun yi duhu.

"Me kake jira, tsoho? Ko hannun ya fara rawa?"

Masu jiran aski suka fashe da dariya.

"Ba zan tsaga ba."

"To miƙo askar, matata uwar Morkos ta yi min. Ai ita ke yanka mana agwagwa."

Tadurus ya kai hannu ya cafki ƙotar. Bastawurus ya damƙe masa wuyan hannu, askar na rawa tsakaninsu.

"Mugunya ba ta bugawa, Tadurus. Jini ne. In ka huda shi, ba za ka kai ƙofar nan ba."

A tsaye suka yi tafiyar jirgin ƙasa har asibitin Asyut, Tadurus na zaginsa tasha bayan tasha. Likita ya ce wata jijiyar jini ce da takan shanye tun ɗa yana ciki. Ta Tadurus ta ƙi, ita ke shayar da ƙafar, kuma ta bi daidai inda yake zama. Shekarun katako suka kumbura ta kamar salka.

Aka yi aiki. Yatsu biyu suka tafi, ƙafar ta tsira. Likita ya hana shi masaƙa, ya koma rini, aikin tsaye. Shekara goma sha tara ya ƙara a duniya, hannuwansa shuɗi. Ran jana'izarsa Bastawurus ne ya ɗauki gaban akwatin gawar.