Ƙuri'ata da ta Malam

Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar mijina, Malam Sule, dillalin dabbobi a kasuwar Dakoro. Duk zamanmu babu abin da muka ja wa juna a kai kamar wani zaɓen magajin gari.

Mutum biyu suka tsaya. Ɗaya malamin lakwal ne, wato makarantar boko, mai tsoron Allah, ba a taɓa jin ƙarya a bakinsa ba, sai dai ba shi da jama'a. Ɗayan ɗan kasuwa ne, ana ƙorafi da halinsa, amma manoma da makiyaya duk suna jin maganarsa. A daminar da ta wuce kuwa, an zub da jini a kan burtalin shanu wajen Ajekwariya.

Na ce, "Malam, da wane ido zan dubi Ubangijina in na ɗora wannan ɗan kasuwa a kan jama'a?"

Ya ce, "Hajiya, kafin zuwan Nasara kakana fatauci yake zuwa arewa. In za su tsai da madugu, wanda ya san rijiyoyi suke nema, liman kuma daban. Ni tsorona kada a sake binne wani bana."

Na ce ni dai ban gamsu ba. Ya yi murmushi, ya ce kowa da kabarinsa.

Nasa ne ya ci. An buɗe burtali, damina ta wuce lafiya. Daga baya mutumin ya yanka wa danginsa filin kiwo na jama'a. Na zaci Malam zai kare shi, sai na ga ya ɗauki rawaninsa. Ya ce, "Da hannuna na sa shi, ni ya kamata in fara zuwa." Ya je ya faɗa masa gaskiya a gaban mutane, kuma ya rasa cinikin gidan magajin garin har ya koma ga Allah.

Yanzu 'ya'yanmu ke wannan gardama a waya, wani na kafirta wani. Nakan ce da Malam na nan, me zai ce musu? Ina jin zai bar kowa da zaɓinsa, sannan ya tambaye shi ko zai iya zuwa ƙofar wanda ya zaɓa ranar da ya karkace.

Har gobe ina ganin ni ke da gaskiya. Amma ni na jefa ƙuri'ata na dawo gida da zuciya fara, shi ya jefa tasa ya ci gaba da ɗaukar nauyinta. Allah ya jiƙanka, Malam.