Hajiya Saude da Rediyon Motocinta

Ina zaune a rumfar hatsi a kasuwar Babura Aminu ɗan Hajiya Saude ya kira ni, ya ce, "Baba Sule, Hajiya ta cika." Na ce na Allah ne mu, wurinsa kuma za mu koma, na tashi na nemi motar Kazaure. Hajiya Saude uwar ɗakina ce. Ni na ja mata babbar mota tun ina da ƙarfina har idona ya fara gazawa.

A zaman makoki na ji wani dattijo yana cewa ai dukiyar miji ta tarar, sa'a kawai ta ci. Ban tanka masa ba saboda alfarmar wurin. Amma ba zan bar maganar ta tafi haka ba, domin a gabana aka yi komai.

Mijinta ya rasu ne a shekarun da arzikin man fetur ya fara shigowa ƙasar nan. Tsofaffin motoci uku ya bari, masu jigilar gero da dawa tsakanin Gwiwa, Roni, Babura da Kazaure. 'Yan'uwansa suka ce ta sayar, ta ƙi. A daminar farko motar abokin aikina Idi ta kife a wani kwazazzabo bayan Gwiwa, ta danne masa ƙafa. Kafin labari ya iso gari ƙafar ta lalace, sai yanke ta aka yi. Muna fitowa daga asibiti Hajiya ta ce mini, "Sule, na daina tura ɗan wani daji ba na jin muryarsa."

Tare muka je Kano neman rediyon oba-oba, irin wanda mutum zai yi magana a ba shi amsa. Mai kantin ya fito da ƙanana na riƙewa a hannu. Ta ce, "Za su tsallake duwatsun Kazaure?" Ya ce sai an gwada. Ta ce to ya biyo mu a gwada. Da aka zo gwaji, ina kewaya dutsen farko da mota muryarta ta ɗauke. Sai ta zaɓi manya, waɗanda ake kafewa a gaban mota suna aiki da batirinta, aka dasa doguwar eriya a kan soron gidanta. Ba ta yarda an kunna ba sai da izinin hukuma ya fito.

Ita ta koya mana magana da shi. "Faɗi sunanka, faɗi inda kake, faɗi abin da ya same ka, ka ce oba, ka saki maɓalli." In ɗayanmu ya tsaya hira sai ta katse shi: "Iska ba ɗakinka ba ce, kowa na iya ji." Da hantsi da la'asar kowace mota sai ta kira gida, ko lafiya ko ba lafiya.

Gari ya ɗauka cewa mace tana hira da maza ta iska. Da maganar ta zo kunnenta cewa ta yi, "Gara a ji muryata da a ji kukan matar direba."

Daga baya wasu masu motoci suka kai ƙara cewa da 'yan fasa-ƙwauri na iyakar Nijar take magana. Aka turo jami'i don ya ɗauke na'urar da ke gidanta. Ta shimfiɗa masa tabarma a zaure, ta ce, "Ranka ya daɗe, zauna ka saurara tukuna." Ranar ina hanyar Roni na tarar da mutane ɗauke da wani manomi da maciji ya sara. Na kira gida. Ta ce, "Sauke kayan nan a bakin hanya, ka taho da shi. Oba." Ta aika asibiti a shirya. Allah ya yi da sauran kwanansa, ya tashi.

Duk a kunnen jami'in aka yi, amma ya ce shi umarni aka ba shi, ya cire wayoyin. Hajiya ta ce, "Ɗauka, amma ka riƙe da kyau, zan zo in karɓi abina." Wani ya raɗa mata ta ba da na goro a wuce wurin. Ta ce ba ta yi laifin da za ta saye kanta ba.

Lokacin kaka ne, ga hatsi jibge a ƙauyuka, amma ta tsayar da motocin duka. Na roƙe ta ta bar mu mu fita haka nan. Ta ce, "Abin da na faɗa a ƙofar asibiti ban janye ba." Cinikin shekarar ya wuce mu, ita kuwa tana ta zarya Kano, ofis zuwa ofis, ba ta fasa ba sai da aka dawo mata da kayanta. Da damina ta zagayo motar ɗaya daga cikin masu ƙarar ta kafe a laka kusa da Babura. Wani direbanmu ya gani ya kira gida. Ni ta tura da igiyar ja, ba ta kuma taɓa goranta masa ba.

Ya Allah, ka jiƙan baiwarka Saude, ka yafe mata kurakuranta, ka haskaka kabarinta, ka sa Aljanna ce makomarta. Ka ba 'ya'yanta da jikokinta haƙurin rashinta, da mu da muka ci abinci a ƙarƙashinta. Ka gadar wa zuriyarta irin tsayuwarta a kan gaskiya, ko da gari duka ya juya musu baya. Amin.