Jakin Na Allah

Na Allah, majemin Hawandawaki, ya dawo daga bauta a Lakwaja da addinin Almasihu, shi kaɗai a garin. Wata damana jakinsa ya kwance ya cinye geron maƙwabci. Aka ɗora wa shanun Namadi Bafillace laifin, aka hana su rijiya. Na Allah kuwa ya san jakinsa ne, ya ɓoye.

Matarsa Zara'u ta ce, "Maigida, ba kai ke zargin kakanmu Adamu da tura wa matarsa laifi ba? Kai ko bakin ba ka buɗe ba."

Na Allah ya miƙe. Ya ja jakin har ƙofar mai gari, kai a sunkuye, ya ce, "Ga ɓarawon, ga mai shi. A bar shanu su sha."